Jinsunan Baƙi a Yininsu na Farko a Alƙahira

Duk ayarin da ya sauka a birnin Alƙahira, tun ba a kwance kaya ba za ka ji an yi ittifaƙi cewa yau ranar hutu ce, a ɗan zaga a hankali, kada a gallaza wa jiki. Amma da yake Allah bai halicci 'yan Adam a kan ɗabi'a guda ba, kowa da irin hutun da yake nufi.

Na farkonsu shi ne Mai Jadawali, wanda tun a jirgi ya rubuta cewa da hantsi za a ga dalar Giza, kafin azahar a leƙa gidan kayan tarihi na dandalin Tahrir, da la'asar a hau kagarar da Salahuddini ya soma ginawa a 1176, sa'an nan a rufe da shiga kwalekwale a Kogin Nilu. Lissafinsa duka daidai ne, illa dai ya manta da cunkoson motocin birnin, wanda ba ya jin roƙo, ba ya karɓar uzuri. Kishiyarsa shi ne Sarkin Ƙailula, mai cewa, "Alhaji, bari in ɗan kishingiɗa," sai kiran magariba ya tashe shi, ya fito yana tambaya ko an yi kalaci.

Akwai kuma Malam Masani, wanda tun da ya haddace Alfiyya yake ɗokin ranar da zai gwada Larabcinsa a kan masu shi. Idan ya tsai da direba, sai ya jero masa jumla cikakkiya, da mubtada'i da habari, kowane wasali a mazauninsa, har bawan Allah ya ɗaga hannu ya ce amin, yana zaton addu'a ake yi masa. A Azhar kuwa ba ya barin ɗan jagora ya buɗe baki: shi zai faɗa cewa Jauhar, kwamandan Faɗimiyyawa, ya aza harsashin masallacin a 970, kuma ɗaliban Barno sun daɗe da ruwaƙinsu, wato masaukinsu, a ciki, maganarsa gaskiya ce, sai dai masu sauraro yunwa suke ji.

Hajiya Mai Ciniki ba ta san wani abin tarihi ba sai kasuwar Khan al-Khalili, inda za ta taya turare, ta yi fushi ta tafi, a kirawo ta, a kawo mata shayi, a yi rantse-rantse, daga bisani ta fito da kaya niƙi-niƙi da sabon akwatin zuba su, alhali saura kwana shida a koma gida. A bayanta ga Mai Guzuri, wanda ya ƙetare Sahara da kilishi da dambun nama da yaji a ƙulle, yana duban kushari, wato shinkafa da taliya da adas a kwano guda, da idon shubuha, yana neman fatawa kafin ya ɗanɗana.

Mafi ban tausayi shi ne Mai Hoto, wanda kowane gini ya isa sai ya juya masa ƙeya ya yi murmushi. Shi ne mutumin da ya girma yana ganin raƙuman Azbinawa a ƙofar gidansu bai taɓa kula su ba, amma a gindin dala ya hau na haya, ya tarar hawa da araha, sauka kuwa sai an sabunta ciniki.

Mai hankali a cikinsu, in an dace da shi, ya lura cewa Shari'a da kanta ta yi wa matafiyi rangwame, ta mayar masa da raka'a huɗu biyu, don haka ba ya ɗora wa ƙafarsa abin da aka sauke wa sallarsa. Wuri ɗaya yake zaɓa: ya yi azahar a Azhar, ya tsallaka titi ya ziyarci masallacin Sayyidina Husaini, ya sha shayi a shagon Fishawi, ya koma masauki da sauran ƙarfinsa, domin dalar da ta yi shekara wajen 4,500 a tsaye ba za ta ƙaura kafin gobe ba. Abin baƙin ciki kawai shi ne, da zarar an gane yana da hankali sai a naɗa shi madugu, ya wuni yana tashin mai barci, yana neman Hajiya a kasuwa, yana biyan kuɗin sauko da Mai Hoto daga kan raƙumi.