Yadda Ake Zaɓen Sandar Fatsa Ba Tare Da An Tsone Idon Kowa Ba

Idan Allah ya haɗa ka da kifin robar nan na Turawa, mai ƙugiyoyi shida da leɓe kamar cokalin miya, kada ka yi gaggawar nuna wa Sarkawan Kwalkwalawa. Dariya za su yi, kuma tasu ba ta ƙarewa da wuri. Fara neman sandar da ta dace da shi tukuna.

Leɓen nan shi ke aikin. Kana naɗo zare, ruwa na dukan leɓen, kifin na nutsewa yana karkaɗa wutsiya, wani har ya kai zurfin ƙafa 20. Sai dai ba nan take yake isa can ba. A hankali yake gangarawa, ya ɗan jima a ƙasa, da ya kusanto ka kuma ya taso. In jifarka gajeriya ce, bai gama yi wa na ƙasa sallama ba ka riga ka fizgo shi. Shi ya sa masu wannan kamun a Amurka ke riƙe sanda mai ƙafa 7 da rabi zuwa 8, don jifa ta yi nisa, kifin ya daɗe a inda manya ke kwance. A samu mai lanƙwasa kuma, domin sanda mai tauri yage ƙananan ƙugiyoyin take daga bakin kifi. Zare ya zama siriri, kakkaura hana nutso yake.

To, Malam, yanzu auna ruwanka. A watan Afrilu, lokacin da injinan masu albasa ke zuƙar Gulbin Rima dare da rana, akwai inda yaro zai ƙetare bai jiƙa riga ba. Ka jefa mai nutson ƙafa 20 a nan, laka za ka huɗa, in ka yi sa'a ka fito da silifas ko tsohon mamarin wani. Nufi madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984. Can ne ruwa ke da zurfin da za a yi wannan magana. Giwan ruwa ce abar nema, tunda ƙananan kifaye take farauta. Tarwaɗa ta fi son tana da hanjin kaza, kuma ban ga laifinta ba.

Saura tafiya. Sanda ƙafa 8 a bayan ɗan kabu-kabu jarrabawa ce. Ka miƙe ta sama, wayar lantarki na jira. Ka gicciye ta, kafin ku fita shataletalen Dandima ka share mutum uku da tiren mai goro. Sayi mai gaɓa biyu da ake harhaɗawa a bakin ruwa. A cikin kwalekwale kuwa, waiwaya kafin kowace jifa, don hular mai tuƙi ta fi giwan ruwa saurin kamuwa, kuma wani lokacin da kunne take tahowa.

Gajeren mutum kada ya karaya in bakin sandarsa na taɓa ruwa. Gwanaye da gangan suke durƙusawa su tsoma shi ciki don ƙarin zurfi. Masu wanki dai za su ce roƙon 'yan ruwa kake. Ƙyale su.

Argungu kam bar kayanka a gida. Bikin da ya samo asali a 1934 na homa da gora ne, mai sanda sai ya tsaya cikin 'yan kallo.

Kafin ka biya kuɗi, lissafa har da kifin da za ka tsaya saye a hanyar dawowa. Mai sanda ƙafa 6 na iya shiga unguwa da ƙarfasa biyu a leda ba wanda ya tanka. Mai ƙafa 8, wanda duk majalisa ta ga fitarsa da asuba, sai da giwan ruwa. Ka tabbata ɗanya mai kifi ya ba ka.