Bawana da Tulun Gwanjo

Taubashi, labarinka ya riga hotonka isowa gida. An ce ka sayi tulun ƙarfe na hannu a wurin maƙwabcinka Bature a Minesota, mutumin nan da ke dafa giyarsa a gareji, wai za ka riƙa ɗura zoɓo a ciki ana sha da gas kamar lemon kwalba. Goggo ta yi ta salati. Ni kuwa dariya ce ta ci ƙarfina, don kai da ko kwanon da ka ci tuwo ba ka taɓa ɗaurayewa ba, yau ga ka durƙushe da buroshi, hannu ya shige tulu har kafaɗa. Ɗan mace dai bawa ne, ko a ina yake sai aiki ya gane shi.

Na ce wa Goggo ta kwantar da hankalinta, tulun nan ɗan gidan mutunci ne. Kamfanin Cornelius na can jiharku ne ya yi suna wajen ƙera irinsa saboda masu lemo. Yana cin galan 5, kusan lita 19. Pepsi da Coca-Cola sun daɗe suna kai kaya shaguna a cikinsa, kowa da irin bakinsa: na Pepsi ana danna masa kai ya kama da 'yan ƙwallaye, na Coca-Cola kuwa yana da 'yan ƙusoshi, biyu a bakin gas, uku a bakin ruwa. Da kamfanonin suka koma zuba ruwan zaƙinsu a leda cikin kwali, sai tulunan suka zama tarkace, masu dafa giyar gida suka kwashe su da araha. Dama a 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba su izini, galan 100 a shekara ga baligi ɗaya. Ka ga ke nan tulu ya tashi a gidan lemo, ya lalace a hannun maƙwabcinka, yanzu kai ne malamin da zai tubar da shi. Kai fa!

To, tunda ka shiga, bari ubangidanka ya koya maka. Kafin ka taɓa murfin, ja ɗan zoben da ke kansa iska ta fice. Tsohon tulu yakan riƙe iska wata da watanni, kuma wannan alheri ne, alama ce ba ya yoyo. Amma in ka kwance bakinsa da sifana yana cike, ragowar giyar Bature za ta wanke maka gemu, sai in ga bayanin da za ka yi wa matarka.

Sannan zobban roba. Guda 5 ne: babba a murfi, biyu a bakunan, biyu a wuyan bututun gas da na ruwa. Na san ka da maƙo, na san za ka ɗaga su a hasken taga ka ce ai da sauransu. Zubar da su. Ƙarfen nan ba ya tsatsa kuma ba ya riƙe wari, roba ce mai riƙo. Masu giyar kansu kuka suke da ita, don robar da ta taɓa shan lemonsu root beer, mai ƙamshin man zafi, ko bayan shekaru sai ta sa wa abin sha tambarinta. Balle kai da ake maganar tsarki. Sababbin ba su kai kuɗin shayinka na mako ba. Ka shafa musu ɗan man da ake sayarwa don su, ba man kitson Hajiya ba.

Wanki kuma, ka jiƙa shi da ruwan zafi da garin wanki na PBW, ka zura siririn buroshi cikin dogon bututun, nan datti yake ɓuya, ka gama da ruwan tsaftacewa na Star San. Kada rowa ta kai ka ga ruwan bilic na banɗaki, yana cin irin wannan ƙarfe ya bar masa ƙananan ramuka. In ka haɗa komai, ka ba shi gas, ka fesa ruwan sabulu a murfi da bakuna. Inda ka ga kumfa na tasowa, nan kuɗinka ke zurarewa.

Saura zoɓon. Tace shi da kyau, har sau biyu in ta kama, don ɗan guntun citta ko kanumfari ya isa ya toshe bututu ranar da ka tara 'yan'uwa walima, ka yi ta matsa famfo kana zufa a garin ƙanƙara. Kuma kada ya bar firji. Zoɓo mai sukari, a rufe ruf, a wuri mai ɗumi, ba ya neman izinin kowa, da kansa zai fara tsami ya juye. Ranar da ka manta shi kusa da hita ka tafi aikin dare na mako guda, ba sai ka je garejin Bature koyon sana'a ba, shi zai ƙwanƙwasa maka ƙofa da kofi a hannu. Ni kuma lambar Goggo tana saman wayata.