Digiri na biyu a gindin ƙanƙara

A ƙasashen Turawa akwai ɗaliban da ke zaɓen jami'ar digiri na biyu don kawai tana kusa da dutsen da ruwa ke daskarewa a jikinsa. Mutum ya nufi Innsbruck a Ostiriya ko Bozeman a Amurka, ranar Asabar ya ɗaura igiya a ƙugu, gatari a kowane hannu, ya kama hawan ƙanƙara. Zancen malamai da ɗakin karatu sai daga baya.

To, zo Jajimaji ka kawo wa mahaifinka wannan shawara. Mu nan ƙanƙara a buhu muka san ta, ɗaure a bayan babur daga Nguru ko Gashuwa, tana ɗiga tun a hanya. Cikin azumi a watan zafi, mai zoɓo ko kallonta ba ya so ka cika yi.

"Kai, yaro," in ji tsohon, "abin da muke saye da kuɗi don buɗa-baki, shi za ka taka da takalmi? Ga jami'a a Gashuwa tun 2013, me ta yi maka?"

"Baba, ba dutse."

"Tafi Tulo-Tulo ka hau yashi."

Can kuwa taku biyu sama, ɗaya ƙasa, ga raƙumi na kallonka.

Wanda ya nace sai dutse, ga Jami'ar Jos da duwatsun Shere. Can har ƙanƙara kan zubo da ruwan sama, amma kafin ka nemo igiya ta narke.