Sannunmu da Ƙoƙari, Masu Maganin "Daina Tunani"

Allah ya yi wa garinmu Takieta baiwa biyu. Ta farko kowa ya san ta: a nan ne titin da ya taso daga Yamai ya nufi Damagaram yake haɗuwa da wanda ya gangara Kance da Matamaye har ya shiga Daura da Kano, shi ya sa tasharmu ba ta rabo da baƙi. Ta biyu kuwa ba a cika faɗarta ba, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mun gano maganin ciwon da ya hana manyan likitocin duniya barci, kuma ko dala ba ma karɓa a kansa. Sunansa "daina tunani". In ciwon ya yi taurin kai, sai mu haɗa masa da mahaɗinsa, "ki yi haƙuri".

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a bayaninta na 2023, kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, kuma mata sun fi maza kamuwa da kusan kashi 50 cikin 100. Ta ce cikin masu juna biyu da masu jego, fiye da mace 1 cikin 10 na ɗauke da shi. Da ma'aikatanta sun sauka a tasharmu, da sun koma da albishir, don a nan babu mai ciwon damuwa ko ɗaya. Akwai dai mai raki, da mai shagwaɓa, da mai baƙin hali, da wadda kishi ya ci, da wadda iska ta shafa, da wadda aka yi wa sammu. Mun raba ciwon gida shida, kowane gida mun raɗa masa suna, sai aka wayi gari babu shi. Wace ƙasa ce ta taɓa kawar da cuta cikin sauƙi haka?

Ga misalin gwanintarmu. Wata yarinya a unguwarmu, an kai ta ɗaki tana da shekara 15, ta haihu tana 16, mijin yana can Libiya wurin cin rani. Ba a yi mata rowar komai ba. Ruwan wankan jego safe da yamma har arba'in, kunun kanwa ƙwarya guda, naman suna da yaji. Sai dai ba ta barci ko da jinjirin ya yi, abinci sai an tsaya a kanta, ta juya wa ƙofa baya tana kallon bango. In an miƙa mata yaron ta ba shi nono, idonta na wani wuri. Nan fa muka nuna zurfin iliminmu. Muka ce, "Kai, wannan yarinya da alkunya take! Ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta yi." Da hawayen suka ƙi tsayawa, gwaggonta ta zauna bakin gado ta ce, "Ke dai ɗiyata kin cika tunani. Ɗa namiji Allah ya ba ki, lafiyayye, me kuma kike nema?" Yarinyar ta yi shiru. Muka ce magani ya ci.

Likitoci su kam suna da dogon bayani. Sun ce a jikin mace akwai sinadarai da suke kira homon, musamman istirojin da furojestaron, waɗanda ke hauhawa matuƙa lokacin ciki, sannan su faɗi warwas cikin ƴan kwanaki bayan haihuwa. Wannan faɗuwa tana taɓa barci da nutsuwa. Mata da yawa kan yi ƴan kwanaki suna kuka ba dalili, abin ya wuce kafin mako biyu. Wasu kuwa ba ya wucewa, ya zama ciwo mai neman magani, balle in ga ƙarancin jini ga rashin barci ga kaɗaici. Sun ce ma tazarar da ke tsakanin maza da mata ba a ganinta a ƙuruciya, sai wajen shekara 12 zuwa 13, lokacin balaga. Dubi hikimarmu: daidai shekarun da jikin yarinya ya shiga wannan guguwa, su muka zaɓa mu ɗora mata miji da uwar miji da tulu da turmi. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna a Nijar kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

A batun tunani kuwa, har masana sun yarda da mu. Wata malamar jami'ar Yale a Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana nazarin abin da mu muke kira saƙa da warwara: mutum ya riƙa dawo da baƙin ciki ɗaya yana tauna, kamar saniya mai tuƙa. Ta gano mata sun fi maza yin haka, kuma yana tsawaita ciwon damuwa yana ƙara masa nauyi. Ashe da muka ce "kin cika tunani" ba mu yi ƙarya ba. Inda muka fi malamar shi ne karamci, don mu ne ke kai wa mai tuƙar ciyawa har ɗaki. Labarin kishiya a bakin rijiya za ta ji shi. Rumbu ya ƙare tun bazara, mai gida ya yi wata biyar bai aiko ba, yaro na zazzaɓi. Ba ta manta matan ƙasar Kance ba, maƙwabtanmu, waɗanda talauci ya kora suka nufi Aljeriya, aka tsinci gawa 92 a hamada cikin Oktoban 2013, akasarinsu mata da yara. In mun gama tara mata wannan duka, sai mu rufe ƙofa da karin magana: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji in ransa ya ɓaci yana da fada, yana da shayi, yana da tasha. Ita tana da bango huɗu da dare. Sannan mu ce ta daina tunani, kamar a ce wa mai masassara ya daina zafi.

Kada maza su ce an manta da su a rabon alheri. Su ma mun yi musu gata: tun suna yara muka gaya musu namiji ba ya kuka. Suka ji magana. Wanda abin ya kama sai ya koma tsawa a gida, ko saki a kan gishirin miya, ko ƙwayar tiramol a bayan tasha. A duniya, mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Namu dai ba su yi kuka ba, mun fita kunya.

Babbar bajintarmu ita ce hukuncin da muke yankewa a kan imanin mutane. Duk wadda baƙin ciki ya kayar, mun san abin da ke damunta: ƙarancin tawakkali. Mun karanta cewa Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Mun karanta cewa Nana Maryamu, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, ta yi burin da ma ta mutu kafin ranar, kuma ba a tsawata mata ba, lallashinta aka yi, aka ba ta ruwa da ɗanyen dabino. Mun san shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta. Duk mun haddace. Amma ƴar shekara 16 da ke kuka a ɗakin jego, ita muna da ma'aunin da ya fi wannan tsanani.

Mutanen Zimbabuwe su ma suna da kalmar da ke nufin yawan tunani, amma ba su kai mu dabara ba. Tun 2006 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara koya wa tsofaffin mata a Harare su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, su taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi. Mu ma muna da kakanni, muna da tabarmi, muna da inuwar bedi. Mun dai tsare su daga ɓata lokaci.

To, gatsen ya isa haka, don yarinyar nan tana nan da ranta, kuma ina cikin waɗanda suka yaba alkunyarta. Yaronta har ya fara tafiya kafin wata ungozoma ta lura, ta sa aka kai ta likita. Sama da wata goma ta yi a cikin rami muna tsaye a baki muna yi mata sannu da haƙuri.

Haƙuri gaskiya ne, addu'a gaskiya ce, amma ba su taɓa hana mai karaya zuwa wurin maɗori ba. Inna, Gwaggo, Malam, mai gida: in mace ta wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba walwala, abin da take so a da ya fita ranta, ciwo ne, kuma yana da magani, na tattaunawa da na sha. A kai ta likita. In ta ambaci mutuwa, ko ta ce tana tsoron abin da za ta yi wa kanta ko jinjirin, a ranar za a tafi, ko da sai an dangana da Damagaram, tafiyar kilomita 50 ce. Kafin nan kuwa, a shimfiɗa tabarma kusa da ita a ce, "Ɗiyata, me kike tunani?" Sannan a yi abin da muka daɗe muna umartar ta da shi: a yi haƙuri, a jira amsarta.