Hawan Dutse Babu Haki

A yankin Peak District na Ingila, mai keke kan koma gida yana cika baki wai ya ratsa tsaunuka. Bai yi ƙarya ba, ta cikinsu ya bi.

Hanyar Monsal tsohon layin dogo ne da aka rufe a 1968. Jirgin ƙasa ba ya shiri da hawa, shi ya sa magina suka huda duwatsun. A 2011 aka sake buɗe ramuka huɗu, har da fitilu. Mil takwas da rabi, babu mota, babu oda.

Sai dai da masu tafiyar ƙasa da dawakai ake rabon hanyar. Abin da doki ya ajiye a tsakiya kuwa, ƙararrawa ba ta kawar da shi.