Yadda Za Ka Ta da Yariman Farisa a Sae Sabuwa

Kada ka soma wannan aiki da damina, ɗan'uwa. Wanda ya zauna yana ta da tsohon wasan kwamfuta ana tsakiyar noman farko, haki zai cinye masa hatsi, maƙwabta kuma su riƙa sallama a ƙofar gida suna tambayar ya jiki. Ka bari sai kaka ta yi, damman hatsi sun hau rumbu, wake da gujiya sun tafi kasuwa, dare ya yi tsawo, sanyi ya fara kora mutane ɗaki tun bayan lisha. To, lokacin ne.

Wasan da nake so mu ceto shi ne Prince of Persia, wato Yariman Farisa, wanda da yawanmu muka sani da Firins kurum. In kana cikin waɗanda suka fara taɓa kwamfuta a Maraɗi daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, a biron wani furoje, ko wurin masu buga takardu, ko gidan wani mushe mai tsohuwar na'ura, da wuya a ce ba ka ga saurayin nan mai fararen kaya yana gudu cikin kurkuku ba. Wani Ba'amurke, Jordan Mechner, ya ƙirƙiro shi. Ya fito a 1989 a kan Apple II, a 1990 aka fitar da na DOS, wanda shi ne ya iso mana. Labarin kuwa duk wanda ya tashi da tatsuniya zai gane shi nan take: sarki ya tafi yaƙi, waziri Jafaru ya sa ido a kan gadon sarauta, ya ba gimbiya awa guda ta aure shi ko ta mutu, ya jefa masoyinta kurkuku. Minti 60 ɗin nan na gaske ne, da agogon hannunka. Abin da ya sa motsin yaron ya yi kyau haka, Mechner ƙanensa David ya sa ya yi ta gudu da tsalle yana ɗaukarsa a bidiyo, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana zanawa. Allah ya ba kowa ƙane mai jin magana irin wannan.

Fara da neman wasan kansa. Ka buɗe akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gado, wanda ke ɗauke da takardun lekwal da tsofaffin hotuna. In ka ga disket, ka yi hamdala, gama wasan duka bai cika disket guda mai mega 1.44 ba. Amma kada ka hura mata iska da baki, kada ka aje ta kusa da lasifikar rediyo, maganaɗisu na shafe abin da ke ciki. Hau kabu-kabu daga Sae Sabuwa ka kai ta Maraɗi wurin masu gyara, ka tambayi na'urar karanta disket mai shiga ta USB. In kuwa tsohuwar kwamfutar ce gaba ɗaya ke jingine a zaure kaji na kwana a kanta, faifan ajiyarta kaɗai za ka sa a ciro. Ka ce wa mai gyara, "Malam, don Allah kwafe kawai, kada ka yi mata wanki," domin hannunsa ya saba da goge komai ya zuba sabon Windows, kuma shi a zuciyarsa alheri ya yi maka.

Wannan gaggawar da gaske nake yinta. Zafin bazara da ƙurar hunturu ba su ƙyale disket, ko an taɓa ta ko ba a taɓa ba. Shi kansa Mechner rubutun asali na wasan ya ɓace masa shekara fiye da 20, sai a 2012 mahaifinsa ya aiko masa da wani kwali da ya tsinta a gida, aka tarar da disket ɗin a ciki, aka kira gwanaye suka karanto su, ya sa rubutun a GitHub kowa ya gani. In wanda ya haifi wasan ya kusa rasa shi a Amurka, ina ga akwatinka da gara ke zagayawa?

Haƙƙin mallakar wasan yana hannun kamfanin Ubisoft na Faransa, saboda haka kwafinka na da shi ne hanya mai tsabta. Wanda bai da shi, dandalin Internet Archive ya zuba wasannin DOS fiye da 2,000 tun 2015, ana buga su kai tsaye a intanet ranar da rezo ya yi kirki. Ka guji duk fayil ɗin da wani ya turo maka ta Xender yana rantsuwa cewa Firins ne na salula. Sau da yawa talla ce da cuta.

Yanzu ka kwafe shi a sabuwar kwamfuta, ka danna, ya ƙi tashi. Kada ranka ya ɓaci, lafiyarsa lau. Windows na yau mai bit 64 ba ya jin harshen shirye-shiryen DOS masu bit 16. Abin kamar tsoho ne ya zo gidan jikansa na siminti da tayil, ya ce shi ba zai runtsa ba sai an gina masa ɗakin ƙasa an shimfiɗa masa tabarmarsa. Mai gina wannan ɗaki shi ne DOSBox, manhajar kwaikwayo da wasu ƴan Holan suka fitar a 2002, kyauta. Tana yin shigar tsohuwar kwamfuta da komai nata, har da katin sauti, wasan ya shiga ya miƙe ƙafa bai san duniya ta canja ba.

Ka yi folda a faifan C ka sa mata suna WASA. Gajeren suna, don DOS ba ya ɗaukar fiye da harafi 8, ba ya son tazara, bai kuma taɓa jin labarin ƙ da ɗ da ɓ ba. Zuba wasan a ciki. Buɗe DOSBox, za ka ga baƙin allo da Z:\> yana jiranka. Rubuta mount c c:\wasa ka danna Enter, rubuta c: ka danna, rubuta prince ka danna. Wanda ke ƙyuyar rubutu ya ja fayil ɗin prince.exe da linzami ya sake shi a kan tambarin DOSBox, aiki ɗaya ne.

A nan ne mu mutanen Nijar ke da tarkon da ƴan'uwanmu na Katsina da Jibiya ba su sani ba. Kwamfutocin da ke zuwa mana ta Najeriya madannansu na Ingilishi ne, masu farawa da QWERTY. Waɗanda ke zuwa daga Faransa da Beljiyam kuwa AZERTY ne. In manhajar ba ta gane naka ba, za ka danna m ta fito da waƙafi mai ɗigo, ka danna a ta ba ka q. Kada ka zargi aljannu, kada ka zargi yaran gida da zuba fura a kibod. Rubuta keyb fr ka danna Enter. Wani ikon Allah, haruffan nan shida wurinsu ɗaya a kibod ɗin Faransanci da na Ingilishi, ko a rikice yake za su fito daidai.

In yaron yana tafiya kamar mai azumi da la'asar, riƙe Ctrl ka danna F12 ka ƙara masa ƙarfi. In wani wasan ne da ya girmi Firins, irin waɗanda aka auna da kwamfutar IBM ta 1981 mai gudun megahaz 4.77, zai tashi a guje ka mutu kafin ka aje kofin shayi, sai ka rage da Ctrl da F11. Alt da Enter na cika allo. Ka yi nesa da Ctrl da F9, yana rufe komai ba sallama. Wasan da ya tambaye ka sauti, ce masa Sound Blaster, 220, 7, 1.

Wanda bai da kwamfuta, Tecno ko Itel ɗinsa ta ishe shi. Ya sauke RetroArch, a cikinta ya ɗauko DOSBox Pure, wanda ke buɗe wasa kai tsaye daga fayil ɗin zip ba sai an rubuta komai ba. Sai dai ina roƙonka kada ka buga Firins da shafar gilashi. Wasa ne na taku guda: Shift da kibiya na sa yaron ya taka a hankali har bakin rami, ko ya ratsa tsakanin ƙusoshi lafiya, Shift kuma ke sa ya kama gefen bene ya yi lilo. Babban yatsa mai gumi ba ya iya wannan. Nemi wayar OTG da kibod na hannu.

Sai maganar wuta. Lantarkin yankin Maraɗi daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta yanke layin. Ko kana kan layi ko sola ka dogara da ita, ka cika batir tun da rana, kada ka zauna gaban waziri da kashi 10 cikin 100. Daga mataki na uku wasan na yarda ka yi ajiya da Ctrl da G, ka dawo da ita da Ctrl da L. Ajiyar na riƙe har da mintin da ya rage maka, saboda haka wanda ya ɓata minti 40 a matakai biyun farko ya fi masa alheri ya sake daga tushe. Kiran salla kuwa, Esc na tsayar da agogo, babu uzuri. Haka in uwargida ta ce, "Maigida, tuwo na hucewa."

Bayan mataki na farko, kwafin farko-farko za su kai ka ɗaki cike da kwalabe, kowace da harafi a kanta, a ce ka duba shafi kaza, layi kaza, kalma kaza a littafin da aka sayar da wasan da shi, ka sha mai harafin farkon kalmar. Dabarar hana satar kwafi ce ta wancan zamani. In gara ta riga ka ga littafin, ana samun hotonsa a intanet. Kada ka yi ta sha da ka, sauran guba ne.

Yara za su taru, wannan babu makawa. Za su yi dariyar hoton, su ce, "Baba, wannan ai ba ya da kyau, ina ƙwallo?" Kada ka yi musu wa'azi. Miƙa wa mafi surutunsu kibod ka koma gefe da shayinka. Dutsen bene zai zame da shi, wuƙaƙe su datse shi, ƙwarangwal ɗin mataki na uku da ba ya mutuwa ya kore shi. Kafin a yi shayi na uku za ka ji ana, "Saura ni, saura ni." Akwai kalmar sirri: in aka rubuta prince megahit a kwafin farko, ana tsallake matakai ana ƙara lokaci. Ka ɓoye ta sai sun gama wasan da guminsu sau ɗaya, don daɗinsa duka yana cikin awar nan da ke ƙarewa. Kafin ka kwanta kuma ka kwafe foldar WASA a filash, da katin memori, da salular wani ɗan'uwa a Tibiri ko Gidan Rumji.

Taimako ɗaya kaɗai na yarda ka yi musu. A mataki na 12 za su haɗu da inuwar yaron, wadda ta fita daga madubi tun mataki na huɗu ta yi ta yi masa ɓarna a hanya. Duk saran da suka kai mata, jininsu ne ke raguwa. Su danna kibiyar ƙasa su mayar da takobi kube, su nufe ta har su haɗe su zama ɗaya, sannan su ruga hagu su taka sarari, bene zai fito ƙarƙashin ƙafarsu. Daga nan Jafaru ne ya rage, kuma da zarar ya faɗi agogo ya tsaya.