Wanda Ya Yi Magana A Ƙarshe Shi Ke Da Gaskiya

Wasu taurin kai ke damunsu, ni kuwa Allah Ya jarrabe ni da laushinsa. Duk wanda ya yi mini magana a ƙarshe, shi ke da gaskiya. Kaina kamar tsohon kaset yake, abin da aka naɗa yanzu shi ke goge na ɗazu. Halin bai taɓa cutar da kowa ba muddin zance bai wuce zaɓen yadin Sallah ba, sai da maganar kwashe iyali daga Talata Mafara ta taso.

Dalilin tashin kowa ya san shi. Tun ranar 26 ga Fabrairun 2021 da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, cikin ƙaramar hukumarmu, barcin masu 'ya'ya ya ragu. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, garin su uwargidana. Farkon Satumba aka ɗebi ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, inda dangin Inna suke. Sai aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. Ni kuwa abincina a jikin manoman Bakolori yake, taki nake sayarwa da iri da maganin feshi, kuma wanda ke tsoron zuwa gona ba ya sayen taki.

Hanya biyu ta samu. Wani ɗan kawuna mai harkar hatsi a kasuwar Dawanau ya ce in zo Kano, akwai wurin zama a shagonsa. Wani abokin karatuna kuma ya samo mini aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi a Sakkwato. Mai hankali zai zauna da iyalinsa a dare ɗaya ya gama. Ni sai na ɗauki maganar na kai majalisa, teburin mai shayi. Yankin da ya fitar da gwamnoni uku, Yariman Bakura da Abdul'aziz Yari da Bello Matawalle, ai ba ya rasa masu ba da shawara.

Wani direban motar albasa ya fara. Ya ce a Kano ko ƙasa ka tallata sai ka sami mai saye. Na koma gida da ƙarfin gwiwa na ce, "Maman yara, a fara haɗa kaya, Kano muka nufa." Ta ce to. Washegari wani tsohon malamin Kwalejin Abdu Gusau ya ce Kano ta haɗiye waɗanda suka fi ni wayo. Sakkwato fa gida ce, kafin 1996 ma jiharmu ɗaya, ka karya kumallo a Mafara ka yi azahar a can. Na koma na ce, "Maman yara, na yi nazari mai zurfi, Sakkwato ce." Ta ce to. Haka aka yi ta yi, buhunan bakko a ɗaure a lungun ɗaki, har malamar Islamiyya ta aiko a tambaya ko lafiya, don 'yata ta yi ta sallama da 'yan ajinsu amma kullum sai a gan ta a sahun gaba.

Da abin ya fara zama abin kunya, na ce bari in je in gani da idona. Tsakanin Gusau da Tsafe zuwa Funtuwa duk addu'ar da na haddace tun ina allo sai da ta fito. A Kurna aka haɗa ni da dillali. Na sha shadda, na ƙudurta Kananci zalla zan yi kada a gane baƙo ne. Da ya buɗe ƙofa sai bakina ya ci amanata: "Wanga gida nawa na kuɗinai?" Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji daga Zamfara? Ai ku ne masu zinariya." A gabana kuɗin haya ya tashi, kuma na shekara ake so a dunƙule, ban da la'adarsa. Famfon tsakar gida kuwa na ado ne, ya ce 'yan garuwa ba sa fashi. Na fito na hau adaidaita sahu da niyyar Dawanau, na tsinci kaina a Kantin Kwari. Kunyar tambaya ta sa na sayi atamfa, don a ɗauka dama can nan na nufa.

Sakkwato kuma a tsakiyar bazara na je ta. Abokina ya kai ni wani ciki da falo a Mabera, gumi na tsiyaya, na ce ni fa ba zan iya wannan zafin ba. Ya dube ni ya ce, "Kai da ka fito daga Mafara? Ko daga Jos kake ban sani ba?" Ban tanka ba, don ba zafi ne ya dame ni ba. In aka ce "wane yana Kano", 'yan majalisa za su gyaɗa kai. In aka ce "yana Sakkwato", to wa bai je ya dawo a rana ɗaya ba?

Na koma ga istihara. Na yi, zuciyata ta karkata Sakkwato, sai na ce ƙila ban yi da natsuwa ba, na sake. Da na ishi limaminmu da zirga-zirga ya ce, "Malam, istihara ake yi sannan a ɗaga ƙafa. Kai so kake a ɗauke ka a kai ka."

Abin da ya fi ba ni kunya a shago ya faru. Wani dattijo daga cikin masu sayen takina ya zo neman a ɗaga masa ƙafa kan bashi. Da dare suka baro ƙauyensu na ƙasar Maradun, yanzu a wani kango yake kwana da jikokinsa. Ni da rashin ta-ido har shi na tambaya, Kano ko Sakkwato? Ya ce, "Alhaji, mu dai ba a taɓa tambayarmu ba. Gonar ubana tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori tun 1978, wannan karon ma takalmi ɗaya na fito da shi." Na yafe rabin bashin, rabin kuma na kasa yanke shawara a kansa.

A daren nan uwargida ta ce, "Baban yara, ka tambayi direba, ka tambayi mai shayi, ka tambayi ɗan gudun hijira. Wadda za ta nemi ruwa ta kai yara asibiti ita ce ba ka tambaya ba." Na buɗe baki in kare kaina da cewa duk 'yan majalisarmu haka suke yi, sai na ji hujjar ba ta da daɗin faɗa. Ta jera nata dalilan: gwaggonta na Mabera, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan in ciwon ƙaramin ya tashi, albashi kaɗan ne amma an san ranarsa, Inna kuma da ta rantse ba inda za ta je, ana iya leƙo ta duk mako. Sannan ta kafa sharaɗi, ba ni ba majalisa sai an ɗaure kaya a mota. Ta san mijinta.

Yanzu muna Mabera, kuma duk wanda ya tambaya ina ce masa dogon nazari na yi. Idan kun gamu da ni a masallaci ko a kasuwa, mu gaisa mu rabu lafiya. Don Allah kada wanda ya yi mini zancen Kaduna.